Kufan Khmer na cikin daji: wanne ya fi dacewa in je?

Ɗalibin Malesiya: Salamu alaikum 'yan uwa. Zan leƙa Kambodiya hutun Disamba, kwana huɗu a Siem Reap. Angkor Wat, babban haikalin tsohuwar daular Khmer ta Kambodiya, dai dole ne, amma raina ya fi kwanta wa kufan da ke can cikin daji, inda babu cunkoso. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka.

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Ka dace da lokaci, damina ta wuce, zafin Afrilu bai iso ba. Fara da Beng Mealea, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota. Ginin ƙarni na 12 ne, kuma an bar shi yadda ya rushe. Duwatsu sun zube kan juna, saiwoyi sun naɗe bango kamar igiya. Akwai gadar katako da ake bi ta saman ɓaraguzan. Na isa da sanyin safiya, ban ji komai ba sai kukan tsuntsaye.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana, in ka tsaya a nan ka yi rabin tafiya. Wuce Koh Ker, kilomita kusan 120 daga Siem Reap. Sarki Jayavarman na 4 ya mayar da ita babban birnin daular Khmer a 928, zuwa 944 fada ta koma Angkor, daji ya cinye wurin. Dalar Prasat Thom hawa bakwai ce, tsayinta mita 36. Da na kai ƙololuwa ina haki, bishiyoyi kawai nake gani har iyakar ido. Kada ka tsallake Prasat Pram, inda saiwa ta lulluɓe hasumiyar bulo tun daga sama har ƙasa. A 2023 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya.

Ɗalibin Malesiya: Hajiya, a-daidaita-sahunsu zai kai ni?

Hajiya Mai Atamfa: A'a, da nisa. Ɗauki shatar mota, ka haɗa biyun rana guda.

Malam Na Gwanzu: Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka sauka daga hanyar da aka share. Yaƙi ya bar nakiyoyi a dazukan nan. An tono da yawa, amma ka ga jan allo mai hoton ƙoƙon kai, ka ja da baya. Kufan Preah Vihear kuwa, duk kyanta a bisa dutse, tana bakin iyakar Tailan, an gwabza faɗa a yankin a 2025. Ni dai ba zan tura ƙanena can yanzu ba.

Baban Ilham: Gaskiya ne Malam. Sannan ka yi guzuri. Musulmin ƙabilar Cham na da gidajen abincin halal kusa da masallacinsu a Siem Reap, ka sa su ƙulla maka shinkafa tun da dare. Dalolinka su zama sababbi, ni an ƙi karɓar tawa saboda 'yar yagewa a gefe.

Ɗalibin Malesiya: Allah Ya saka da alheri. Beng Mealea da Koh Ker ke nan, in sha Allahu. Hajiya, ƙarfe nawa kuka tashi?

Hajiya Mai Atamfa: Muna idar da Asuba.