Waziri Buhari a 1903: ceto ya yi ko miƙa wuya?

Malam Bakano: Jama'a, jiya a majalisa wani ya kafe wai ba don Waziri Buhari ba, da Turawa sun shafe sarautar Sakkwato. Ni dai ban gamsu ba. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas har ya yi shahada a Burmi cikin Yulin 1903, Wazirinsa kuwa ya juyo ya daidaita da Nasara. Wane suna za mu ba wannan?

Hajiya Basakkwata: Malam, a bi a sannu. Bayan yaƙin Giginya, inda Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, ba kowa ke da doki da guzurin bin Sarki ba. Tsohuwa mai sanda da mai goyo a baya, wa zai tsaya musu? Kuma Waziri ba gaban kansa ya yi ba, sai da ya shawarci malamai, daga baya ya rubuta risala da Larabci ya kawo hujjarsa: in an fi ƙarfinku, ya halatta ku lallaɓa da fatar baki, zuciya na kan imani, muddin ba a hana ku salla ba.

Ɗan Autan Zaure: Amma Hajiya, kwana shida kacal bayan yaƙin Gwamna Lugga ya naɗa Attahiru na biyu, ya faɗa a bainar jama'a cewa naɗa sarki da tuɓe shi da ɗora haraji duk sun koma hannun Turawa. Me ya rage da aka ceta?

Hajiya Basakkwata: Masallatai da alƙalai da makarantun zaure, ɗana. Kaɗan ne?

Kawu: Duk kun tsallake abin da ya fi ba ni mamaki. Da, Waziri ne idon Sarkin Musulmi a kan Kano da Zazzau da sauran masarautun gabas. Buharin nan shi ya je Kano ya naɗa Tukur a 1893, bisa umarnin Sarkin Musulmi Abdurrahman Ɗanyen Kasko, har yaƙin Basasar Kano ya ɓarke. Da Turawa suka zo sai suka datse wannan igiya, kowane sarki ya koma duban fuskar Razdan. Wato kujerar da ta fi kowacce asara a sulhun, tasa ce. Mai neman abin duniya ba ya irin wannan ciniki.

Malam Bakano: Kawu, nan kam ka taɓa ni. Mu a Kano har ta kai Razdan Kagil ya ɗauko Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, bawan sarki, ya ba shi Waziri a 1908, don ya nuna wa Sarki Abbas iyakarsa.

Ɗan Autan Zaure: To Satiru fa, ƙauyen nan na kusa da Sakkwato? A 1906 da talakawa suka tayar wa Bature, fadar Sakkwato gefen wa ta tsaya?

Hajiya Basakkwata: Gefen Bature, ba na musu. Wannan kam ko a gidanmu ba a cika son tada zancensa ba.

Malam Bakano: To Hajiya, risalar ta halatta lallaɓawa da baki, ko har da fita da dawaki?