Muhawara: Wanda ya sauke wa Datsun 240Z injinta na asali, ya gyara ta ne ko ya kashe ta?

Mai Datsun (Rikkos): Assalamu alaikum. Maganar motar Baba ce, Allah ya jiƙansa, Datsun 240Z ƙirar 1973. An gama bodi da fenti, tana tashi lafiya, amma ba ta ja. Daga Bukuru zuwa cikin gari ko Corolla sai ta bar ni a baya. Auta ya ce a sauke injin a ɗora 2JZ na Toyota Supra mai turbo. Kawu kuma ya ce duk wanda ya raba motar nan da injinta ya kashe ta. Tunda duk kuna nan, kowa ya kawo hujjarsa.

Kawu (Gangare): Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Ɗana, injin da kake raina wa sunansa L24, silinda shida a jere, lita 2.4, ƙarfin doki 151. Da irin motar nan Edgar Herrmann ya ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971, Shekhar Mehta ya sake ci da ita a 1973, a kan hanyoyin Kenya masu taɓo da duwatsu. Motar da ta yi wannan ce za a ce ba ta da ƙarfi? Idan ka cire mata wannan inji me ya rage? Ƙarfe da fenti. Mahaifinku ya riƙe ta shekara da shekaru bai bari an taɓa shi ba.

Auta (Abuja): Kawu, da girmanka, amma motocin Safari ɗin nan ba haka suka fito daga shago aka kai su daji ba. Injiniyoyin Nissan sun taɓa injinsu, sun ƙarfafa ƙafafunsu. Kuma shi kansa kamfanin bai tsaya a L24 ba: a 1974 ya fito da 260Z mai lita 2.6, a 1975 ya kawo 280Z mai lita 2.8, ya ma jefar da kafireto ya sa injekta. Idan masu ita sun ga tana buƙatar ƙari, mu ne za mu ce haramun? Dubi Carroll Shelby. Ƙaramar motar Ingila ya ɗauka, AC Ace, ya cusa mata injin V8 na Ford mai silinda takwas a 1962, aka samu Cobra. Yau akwai wanda zai ce ya kashe AC? 2JZ mai turbo biyu da aka sayar a Amurka doki 320 yake bayarwa. Ninki biyu ke nan da ɗoriya.

Kawu (Gangare): Shelby sabuwar mota ya ƙera daga masana'anta, Auta. Ba gadon mahaifinsa ya yanka ba.

Malamin Kimiyya (Bauchi Road): Ku ba ni dama in sa baki, don akwai abin da ku biyun kuka tsallake, wato garin da motar take. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga gaɓar teku. Iskarmu ta fi ta Legas sauƙi, kuma inji da iska yake ƙona mai. Abin da masana injuna suka saba lissafawa shi ne, injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. Ku lissafa: a nan Jos kusan kashi 12 ya tafi tun kafin a taka totur. Corollar da ta wuce ka ita ma tana rasa nata, amma tana da kwamfutar da ke auna iska ta rage fetur daidai. Tsohon kafireto da aka saita shi a ƙasa kuwa sai ya riƙa zuba mai fiye da iskar da ke shigowa, fulogi ya yi baƙi, mota ta yi nauyi. A nan Auta yana da gaskiya ɗaya: turbo yana tura iska da ƙarfi, don haka ba ya jin tudu kamar sauran. Sai dai ban ga an gwada abin da ke hannu ba tukuna.

Auta (Abuja): Na gode Malam. Kun ji ko? Turbo shi ne maganin Jos.

Malamin Kimiyya (Bauchi Road): Ban ce haka ba. Cewa na yi yana ɗaya daga cikin magunguna, kuma shi ne mafi tsada.

Oga Bakanike (Farin Gada): Maigida, kafin a yi nisa, buɗe bonet ka duba min kan kafireton nan biyu. Kansu zagayayye ne kamar ƙwarya, ko shafaffe ne?

Mai Datsun (Rikkos): Shafaffe ne, Oga. Daga Amurka aka kawo wa Baba ita.

Oga Bakanike (Farin Gada): To ga ɓarawon nan. Na 1970 zuwa 1972 masu zagayayyen kai ne, Hitachi ya yi su a kan tsarin SU na Ingila, sauƙin saiti gare su. A 1973 dokar hayaƙi ta Amurka ta sa aka canza su zuwa masu shafaffen kai, kuma tun a can masu motar suka yi ta kuka da su, musamman idan inji ya ɗau zafi. Da yawa sun cire sun mayar da tsofaffin. Ka haɗa wannan da iskar da Malam ya faɗa, da ringin da ya haura shekara hamsin, da taimin da Allah kaɗai ya san ranar da aka saita shi, sannan ka ce inji ne ba shi da ƙarfi? Ni ban yarda ba sai na auna kwamfireshan ɗin silinda shidan nan ɗaya bayan ɗaya.

Maganar 2JZ kuma, Auta, bari in gaya maka abin da muke gani a gareji. Yawancin wanda za ka samu a kasuwar kayan mota ta Apo a Abuja ko ta Ladipo a Legas na Lexus GS300 ne, GE, ba shi da turbo. Mai turbon, GTE, sai an nemo maka shi daga waje da dala. In ya zo, aiki ya fara ke nan. Giyar Datsun ba za ta ɗauke shi ba. Sai an yanka an yi waldar sabon mazaunin inji, an yi sabon furofela, an canza bak-aksul, don ƙaramin da ke ƙarƙashinta ba a yi shi don wannan ƙarfi ba. Ga lagireto, ga famfon mai, ga burenbos, wato kwamfutar inji, ga wayarin tun daga farko. Kuma injin turbo yana son fetur mai kyau ƙwarai. Wanda muke sha a wasu gidajen mai, in aka matsa masa, fistin ne zai biya bashin.

Baba Direba (Anguwan Rogo): Kowa yana maganar gudu, ban ji mai maganar tsayawa ba. Na yi rayuwata a hanyar Jos zuwa Akwanga, kuma duk wanda ya san Hawan Kibo ya san ba ƙarfin inji ake roƙo a wajen ba, birki ake roƙo. Birkin motar nan faifai ne a gaba, ganga ce a baya. Nauyinta bai fi tan ɗaya da 'yan kai ba. Ba ABS mai hana taya kullewa in an taka birki, ba jakar iska. Ka ɗora wa wannan doki 320, ka ba yaro mai zafin jini, ruwan sama ya sauka irin na Agusta, gindinta zai riga kanta shan kwana. 'Ya'yana, ni ko injin ba a taɓa ba, ina roƙonku a fara da birki da taya da shakazoba. Kuma a leƙa ƙarƙashinta da kyau, Datsun na wancan zamani tsatsa na cin su ta ƙasa, sabon fenti ba ya nuna wannan.

Auta (Abuja): Baba, ai duk wanda zai sa 2JZ dole ya sa birkin faifai gaba da baya. Yana cikin lissafina.

Baba Direba (Anguwan Rogo): To in ka canza inji, ka canza giya, ka canza aksul, ka canza birki, ka canza waya, wace mota za ka ce kana tuƙawa?

Yaya Babba (Rayfield): Na yi shiru ina karantawa, amma akwai abin da ba wanda ya ambata. Motar nan ba a raba ta ba. Lokacin rabon gado mun yarda a bar ta a hannunka ne don kai ke da sha'awa, amma da haƙƙin kowa a ciki, har da ƙannenmu mata da ba sa cikin wannan zaure. A jikin 240Z akwai ɗan ƙarfen shaida a ɗakin inji mai ɗauke da lambar shasi da lambar inji, kuma masu sayen tsofaffin motoci abin da suke fara dubawa ke nan, ko lambar ta dace da injin da ke ciki. A Janairun 2020 an yi gwanjon wata ƙirar 1971 a shafin Bring a Trailer a Amurka a kan dala 310,000, saboda ba a taɓa mata komai ba kuma ba ta yi tafiya mai yawa ba. Tamu ba za ta kai kusa da haka ba, na sani. Amma ranar da aka sa wuta aka yanka mata ƙarfe, darajar da ke gare ta ta ragu, kuma ba kai kaɗai ka yi asarar ba. Ban da zirga-zirgar gyara takardu, don lambar inji tana cikinsu.

Auta (Abuja): Yaya, ba sayarwa za mu yi ba. Mota don a hau aka yi ta. Baba da kansa gudu yake so, kin fi ni sani. In aka bar ta tana tari a hanya, wata biyu Yaya mai Datsun zai gaji ya rufe ta da tamfol, ɓeraye su gaje ta. Wannan ita ce mutuwar da nake tsoro.

Yaya Babba (Rayfield): Wannan tsoron naka gaskiya ne, ni ma ina da shi. Yankan ne ban yarda da shi ba.

Oga Bakanike (Farin Gada): Akwai hanyar da ba sai an yanka komai ba. In na auna na ga L24 ya gaji ƙwarai, ko kuma an gyara shi Maigida bai gamsu ba, a nemo L28 na 280Z ko 280ZX. Gida ɗaya suka fito, a kan mazauni ɗaya yake zama, giyar nan tata za ta kama shi. A ɗora masa kafireto masu zagayayyen kai, ko kafireton Weber uku in aljihu ya yarda, a buɗe masa salansa kaɗan. Shi kuma na asalin a zuba masa baƙin mai, a naɗe shi, a ajiye a ɗaki mai bushewa. Duk ranar da aka so, a mayar da shi.

Kawu (Gangare): Injin da aka ajiye a ɗaki ba ya komawa mota. Na ga irin haka ba sau ɗaya ba. Yau a ari kafireto, gobe a ari tof silinda, jibi a ce 'yan gwangwan sun yi ciniki. Kada garin neman gira a rasa ido. A gyara nata a cikinta, shi ke nan.

Mai Datsun (Rikkos): Na ji kowa, Allah ya saka da alheri. Yaya, kin yi gaskiya, ba zan sa a yanka komai ba sai da yardar kowa, kuma zan kira su Ummi in gaya musu. Oga, za mu fara da awon kwamfireshan da kafireto da birki kamar yadda Baba Direba ya ce. Maganar L28 a bar ta sai mun ga sakamako. Kawu, ban yi alkawarin ba za ta taso ba.

Kawu (Gangare): In ta taso, ni ma zan taso.

Auta (Abuja): Ni har yanzu ina ganin za ku kashe kuɗi sau biyu. Amma kuɗin birki da taya a kaina, turo min lissafi. In an gama a kawo ta Abuja mu ga abin da za ta yi a ƙasa.

Oga Bakanike (Farin Gada): Kawo ta Asabar da safe kafin gareji ya cika, tanki rabi ya isa. Zan tambayi mutanena a Dilimi da Panteka ta Kaduna ko za a dace da zagayayyun kafireton, in babu sai a yi oda. Kuma kada kowa ya sauka Hawan Kibo da ita sai na sa hannu a birkin.