Tsohon ɗan kokawa da ya koma sharhi: me yake yi a teburin?

Ɗan Fagge:
Jama'a, a gidan kallonmu muna musu. Me ya sa WWE, kamfanin kokawa na Amurka, ke ɗora tsofaffin 'yan kokawa a teburin sharhi? Suna kawai ake saye?

Na Kurna:
A'a ɗan'uwa, aiki biyu ne. Irin Michael Cole shi ke bayyana abin da ke faruwa a fili. Tsohon ɗan wasan kuma dalili yake kawowa: me ya sa aka nace wa gwiwar hagu, wane kamu ne ke hana numfashi. Corey Graves raunin kai ne ya sa ya ajiye wasa a Disamban 2014, ya koma sharhin NXT, sashen WWE na 'yan kokawa masu tasowa. Jesse Ventura kuwa gudan jini a huhu ne ya tsayar da shi, shi ma ya koma sharhi.

Baban Ummi:
Wahalar tana kunne. Mai sharhi yana magana, furodusa na bayan labule yana raɗa masa cewa saura sakan 10 a tafi talla. Sababbi nan suke rikicewa, su katse zance a tsakiya.

Malam Gwale:
Babban kuskurensu shi ne surutu lokacin da alƙalin wasa ke ƙirga ɗaya, biyu, uku. Wurin shiru ne, a bar ihun 'yan kallo ya fito. Sai kuma mai ta yabon zamaninsa, matashin da ke fili ya zama ɗan rakiya.