Abin da muka tsinta daga rayuwar Herschell Gordon Lewis

Mun zauna da abokai masu son shirya fim, hira ta kai mu kan Herschell Gordon Lewis, Ba'amurken da ya yi suna da finafinan ban tsoro masu zubar da jini.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce mai ƙaramin jari ya nemi abin da manyan kamfanoni suka bari. A 1963 Lewis da furodusansa David Friedman suka ɗauki fim ɗin Blood Feast a Miami cikin 'yan kwanaki, da kuɗin da bai kai dala 25,000 ba, kuma ya yi kasuwa sosai a silimomin da ake kallo daga cikin mota.

Wani ya ja kunne: jini kaɗai ba ya riƙe fim. Wasan 'yan fim ɗinsa da rauni, labarin ma haka. Ni ma nan na tsaya, don in an cire firgicin, kaɗan ne ya rage.

Sai batun sana'a ta biyu. Bayan 1972 Lewis ya ajiye kyamara ya koma rubuta tallace-tallace, bai dawo fim ba sai 2002. Ya rasu a 2016.