Neman kalma: me za mu kira "classic car" da Hausa?

Jama'a, ina rubutu kan motoci biyu na Turai, Jaguar E-Type da Ferrari 250 GTO, sai kalmar nan ta "classic car", wato tsohuwar mota mai daraja, ta tsaya mini a maƙogwaro.

"Tsohuwar mota" ba ta yi ba. Bahaushe na jin ta sai ya hango akwala, wadda sai an tura take tashi. "Gwanjo" kuwa ta nuna an taɓa amfani da abu ne kawai, ba ta ce komai kan daraja ba.

Ku ji yadda motocin suke tukuna. An fara nuna Jaguar a baje kolin motoci na Geneva a 1961. Injinta silinda 6 ne, lita 3.8, kamfanin ya ce tana kai kilomita 240 a awa, kuɗinta a Ingila a lokacin bai wuce fam 2,100 da ɗoriya ba. An ƙera sama da 70,000.

Ferrari ta fito a 1962, silinda 12, lita 3, ƙarfin doki kusan 300, gudunta wajen kilomita 280 a awa. Don tsere aka yi ta, ta kuma ciyo wa kamfanin gasar duniya ta ajinta shekara uku a jere, 1962 zuwa 1964. Guda 36 kacal aka ƙera.

Tazarar gudu ke nan, kilomita 40. Tazarar kuɗi fa? A 2018 an yi gwanjon GTO ɗaya a Monterey ta Amurka kan dala miliyan 48.4. Da wannan kuɗi sai ka sayi E-Type masu lafiya ɗaruruwa. Ƙaranci da tarihin tsere ne suka ɗaga Ferrari haka. Amma ni dai, wallahi, ta fuskar kyau Jaguar nake wa kallon sarauniya, kuma gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York ya ajiye ɗaya tun 1996.

Saboda haka kalmar da muke nema dole ta ɗauki dukkansu biyu, mai tsadar da mai sauƙin. Shi ya sa na ƙi "motar ajiya", don ta mai da maganar ta kuɗi zalla. Wani ya ba ni "motar tarihi". Ba laifi, sai dai tana sa a ga kamar motar ta mutu an kafe ta don kallo, alhali har yau ana fito da irinsu su yi tsere a bikin Goodwood na Ingila. "Motar gado" kuwa, a rubuce wani zai ɗauka ta kwanciya ce.

Abin da na tsaya a kai: tsohuwar zuma. Mun riga mun san da ita ake magani, wato tsufan ne ya ƙara mata amfani. Ku gwada a baki: "Wannan Jaguar ai tsohuwar zuma ce." Ko bakanike a gareji zai gane ba tare da an yi masa bayani ba. A jam'i sai mu ce "motoci tsohuwar zuma", mu bar ta yadda take.

Saura sunan mutumin da ke tara su. "Mai tara motoci" ta yi kama da dillali a kunnena. Malamai da 'yan gareji, me kuke da shi?