Jiran amsar tiransifa ya hana ni sakat, a taimaka da shawara

Salam 'yan uwa, dan Allah wanda ya taɓa yin tiransifa daga kwalejin shekara biyu zuwa jami'a a Amurka ya taimaka min. Na tura komai tun kafin ƙarshen shekara, takardar sakamako, wasiƙun malamai, har rubutun da suka nema, amma jami'ar da nake so ɗin har yanzu shafinsu cewa yake ana dubawa, kullum da asuba kafin in wanke ido sai na buɗe imel, ba komai. Wallahi karatun simestan nan ma ya fara fita raina, kuma shi ne abin tsoron don idan maki ya faɗi suna iya janye gurbin ko da sun ba ni.

Matsalar ita ce wata jami'ar ta ɗauke ni, tana so in biya kuɗin kama gurbi kafin wa'adi, kuma ba a mayarwa. In biya ne ko in jira? Sannan idan na rubuta wa ofishin admishin na jami'ar da nake so ɗin ina tambaya, ba za su ga na takura musu ba? Kiredit ɗina ma, wato darussan da na riga na ci a kwaleji, ina so in san nawa za su karɓa kafin in yanke. Ku ya kuka yi da wannan zullumin?