Da me zan yi murfin injin yanka na leza da ake haɗawa a gida?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum malamai. Injin na bututun gilashi ne, CO2 mai wat 40, faɗin wurin aiki santimita 60 da 40. Akwatin ya kammala, saura murfi, kuma ina son taga da zan riƙa ganin aiki. Abin da ake samu a Sabon Gari shi ne filawud, gilashi mai duhu irin na tagogi, da Perspex na masu allon talla. Wanne ya fi kare ido? Nan gaba ina son ƙara kan leza mai shuɗin haske, wat 10, a cikin akwatin.

Injiniya na Samaru:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Duhun gilashi ba shi ne kariya ba, irin hasken injin shi ke zaɓa maka abin taga.

Hasken lezan CO2 nanomita 10,600 ne (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, wanda ke bambanta irin haske da wani), ido ba ya ganinsa. Akirilik, wato Perspex, da folikabonet, wata roba mai kama da shi amma mai wuyar fashewa, duk suna shanye shi ko da garau suke kamar ruwa. Amma ka lura, akirilik shi ne abin da wannan injin ya fi iya yankawa. Idan ɗaya daga madubin da ke karkata haske a cikin injin ya goce, hasken ya daki taga kai tsaye, zai huda shi tsaf ba tare da wata alama ba, kuma yana cin wuta. Folikabonet kuwa baƙi yake yi, ya yi hayaƙi ya kumbura, ka gani ka kashe. Saboda haka shi na fi so, kauri milimita 5 ko 6. Gilashin taga ma yana tare hasken, sai dai zafi a wuri guda na iya tsaga shi nan take.

Shuɗin kuma wani zance ne daban. Nanomita 445 zuwa 455 ne, yana ratsa roba garau da gilashi kamar babu komai, ido kuma ya tattara shi a bangonsa na can ciki ya ƙona. Wannan ba ya warkewa. Abin da yake buƙata shi ne akirilik mai launin lemo da aka yi don leza, wanda aka rubuta lambar OD, wato ma'aunin yawan hasken da yake ragewa, a kansa tare da nanomitar da yake tarewa. OD 3 na rage haske sau 1,000, OD 4 sau 10,000. Wat 10 a bayan OD 4 ya koma miliwat 1. Kada ka sauka ƙasa da haka. Launin lemo na allon talla babu wanda ya auna shi, kada ka jingina idonka da shi. Idan za ka haɗa biyun, ka jera falle biyu, folikabonet a ciki, na lemo a waje.

Mai walda na Kwangila:
Injiniya ya gama da taga. Jikin murfin kuma, malam, ka manta da filawud. Gobara ita ce haɗarin kullum a wannan inji, ƙaramin harshen wuta daga kwali ko fata sai ya lashi murfi. Fallen ƙarfe na milimita 1 zuwa 1.2 ya isa. A lanƙwasa bakinsa kamar santimita 2 ya sauko kan akwatin, kamar murfin kwano, yadda ko ka durƙusa ba za ka hango ciki ta tsaga ba. Ciki a yi masa baƙin fenti mara sheƙi, don ƙarfe mai ƙyalli na mayar da hasken inda ba a zata ba.

Tagar kada ta wuce santimita 30 da 20. Robar ta haura ramin da santimita 2 ta kowane gefe, ramukan noti kuma a ɗan buɗa su fiye da notin, don roba na miƙewa da zafi, idan ta matse sai ta tsage daga rami.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Yaya zan gane folikabonet na gaskiya a kasuwa?

Malama mai lantarki:
Ɗan'uwa, ka nemi guntu ka lanƙwasa da filaya. Akirilik ɓallewa yake yi, folikabonet sai ya tanƙwaru bai karye ba. Wanda za ka guda shi ne wata roba da ake kira PVC, don idan ya ƙone iskarsa na cin huhu, ta sa ƙarfen injin tsatsa. Ka gasa wayar jan ƙarfe, ka dangwali robar, ka mayar cikin wuta a waje. Idan harshen wuta ya yi kore, akwai sinadarin kulorin a ciki, alamar PVC ke nan, ka bar shi.

Abin da ba a ambata ba, kuma a wurina ya fi taga muhimmanci, shi ne makunnin murfi. Ƙaramin suwic mai ɗan harshe, wanda sai murfi ya danne shi yake haɗa layi, a jona shi a jere da layin kariyar ruwa, mai hana leza tashi idan ruwan sanyaya bututu ba ya gudu, wato wuraren jona waya masu alamar P da G a yawancin akwatunan wutar bututun. Ta haka ko waya ce ta tsinke, leza ba zai tashi ba. Ka gwada shi da ƙaramin ƙarfi a kan kwali kafin aiki. Kuma lokacin saita madubai da murfi a buɗe, tabarau mai lambar OD ta wannan hasken dole ne. Ƙurar hunturu idan ta kwanta a taga, ruwa da ɗan sabulu da tsumma mai laushi. Busasshen tsumma na karce ta, tina da fetur kuma suna tsattsaga ta.